Tara tsofaffin kuɗin azurfa a Damagaram: a auna kafin a yi ciniki

Da kakata ta rasu a Birni, tsohuwar unguwar Zinder, aka buɗe adakarta, can ƙasa da zannuwan saƙi muka tarar da wani gwangwanin shayi ɗaure da tsumma. Tsaba goma sha ɗaya ce a ciki, duk sun yi baƙi ƙirin. Ƙanen mahaifina ya ce a kai wa maƙeri ya narkar, a yi wa ƴan mata zobba. Na ce masa, "Baba, a auna su a yi musu kuɗi, a sa a cikin rabonmu, ni zan biya." Haka aka yi. Sana'ata gyaran agogo ce, saboda haka gilashin da nake maƙalawa a ido da ɗan ƙaramin sikeli duk suna kan teburina tun kafin in san za su yi mini wani aiki dabam. Daga wannan gwangwani na fara, yau ina da tsabar azurfa tamanin da ƴan kai, kuma kusan dukkansu a cikin Zinder da kasuwannin kewaye na same su.

Wanda zai shiga wannan harka a nan ya fara sanin abu ɗaya: Faransa ba ta buga wa Nijar kuɗin azurfa nata na kanta ba. Tsabar da ke ɗauke da sunan Afirka ta Yamma ta Faransa, ta 1944 da ta 1948 da ta 1956, daga alminiyam sai jan ƙarfe gauraye da alminiyam. Suna da daɗin tarawa, ni ma ina da su a wani kwali dabam, amma duk wanda ya miƙo maka tamma ɗaya ko biyu ta 1948 mai kan barewa ya ce azurfa ce, ɗaga ta kawai ka ji, ba ta fi ganye nauyi ba. Azurfar da ta zaga hannun kakanninmu ta hanyoyi uku ta shigo: ta Sahara tare da ayari, ta hannun Faransawa bayan sun ci Zinder a 1899, da kuma ta hanyar Kano.

Ta farko ita ce liyari, babbar tsaba mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, a bayanta gaggafa mai kai biyu. Ita ce kuɗin manyan fatake tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, lokacin da talaka ke cefane da wuri. Bature Barth, wanda ya sauka Zinder a ƙarshen 1852, ya rubuta cewa a Kano ana canza irin wannan tsaba ɗaya da wuri 2,500. A nan mutane suka fi faɗawa rami, don haka a saurara da kyau. Kusan kowace liyari da za ka gani 1780 ne a jikinta. Wannan ita ce shekarar da sarauniyar ta mutu, kuma tun daga lokacin ake ta sake buga tsabar ba a canza lambar ba, a Biyana, a Roma, a Landan, a Paris, har a Bombay ta Indiya. An buga fiye da miliyan 300, har gobe kuma Ostiriya na bugawa. Saboda haka in mai sayarwa ya ɗora yatsa a kan 1780 yana cewa ta shekara ɗari biyu da arba'in, ka amsa masa da ladabi, amma kuɗinka ka lissafa su a kan nauyi. Liyari ta gaskiya giram 28 ce da ɗan ɗigo, faɗinta wajen milimita 40, azurfarta kashi 833 cikin 1,000, wato tsantsar azurfar da ke ciki giram 23.4 ke nan. A gefenta akwai rubutu mai tudu, IUSTITIA ET CLEMENTIA, da ƴan furanni tsakani. Fataken da can sukan duba maɓallin da ke kafaɗar sarauniyar: in ƴan ɗigogin da ke kewaye da shi sun shafe, sun san tsabar ta sha hannu ta rage nauyi. Ni ma nan nake fara kai gilashina.

Ta biyu ita ce wadda na fi so, kuma ita nake ba sabon shiga shawarar ya fara da ita: tamma biyar ta Faransa, babbar dala. Har yau in muka ce dala ashirin muna nufin sefa 100, dala ɗari muna nufin 500, lissafin tamma biyar-biyar ke nan da ya zauna a bakinmu. Nauyinta giram 25 cif, faɗi milimita 37, azurfa kashi 900. Da ita aka biya sojoji, da ita aka karɓi haraji, musamman a shekarun da Zinder ke babban birnin mulkin Nijar, daga 1911 zuwa 1926 da aka mayar Yamai. Iri uku suka fi fitowa daga adakokin tsofaffi. Akwai mai mutum uku a tsaye, ƙato a tsakiya da mata biyu, wadda aka buga a 1848 da 1849 sannan daga 1870 zuwa 1878. Akwai mai gemu, Napoliyon na Uku, wadda ta ƙare a 1870. Akwai kuma ta Sarki Luwi Filib, 1830 zuwa 1848, wadda galibi za ka same ta ta side sumul. Kusa da shekarar ko a ƙasan zanen akwai ɗan harafi da ke nuna garin da aka buga ta: A Paris ke nan, K Bordo, BB Sitirasbur, W Lil. Wannan ɗan harafi shi ke raba tsabar da aka buga miliyoyi da wadda aka buga kaɗan. Ta 1873 mai A, alal misali, ta cika duniya, ni kaina ina da huɗu. Kada ka yi mamaki in ka tarar da ta Beljiyam mai Sarki Liyofol na Biyu, ko lira biyar ta Italiya, a gwangwani ɗaya da na Faransa. Tun yarjejeniyar 1865 ƙasashen suka daidaita nauyi da tsantsa, don haka tare suka yi yawo.

Ƙannenta su ne masu hoton mace tana watsa iri, rana na fitowa a bayanta. Rabin tamma giram 2.5, tamma ɗaya giram 5, tamma biyu giram 10, azurfa kashi 835, kuma an daina buga su da azurfa a 1920. Matar nan mai shuka ta dawo a 1960, shi ya sa ake rikicewa. Tamma ɗaya ta 1960 zuwa sama nikel ce. Tamma biyar mai shuka daga 1960 zuwa 1969 azurfa ce, giram 12, daga 1970 kuwa babu azurfa ko ɗigo a jikinta, giram 10 ce. Tsofaffin sojoji da ɗaliban da suka zauna Faransa sun dawo da su da yawa.

Ta uku ta Ingilishi ce, kuma duk gidan da aka taɓa fataucin gyaɗa ko fata ko kanwa zuwa Kano, ta Matamai ko ta Magariya, da wuya a rasa ta. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma ta Ingila, wadda aka kafa a 1912, ta fara fitar da azurfa a 1913: taro, sisi, sule da fataka, da hoton Sarki Joji na Biyar da kambi a kansa. Sule da fataka bishiyar kwakwa ce a bayansu. Sule giram 5.66, fataka ninkinsa, 11.31. Daga 1913 zuwa 1919 azurfarsu kashi 925 ce, wato sun fi na Faransa tsantsa. A 1920 aka rage ta zuwa rabi, a cikin shekarar kuma aka bar azurfa gaba ɗaya aka koma gaurayen jan ƙarfe, saboda azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ka riƙe 1920 a kanka, domin ita ce iyaka a ɓangarorin biyu. Sulen da ya wuce wannan shekara rawaya ne. Farin sule na Nijeriya na 1959 mai hoton Sarauniya Elizabet ba azurfa ba ne. Anini da kwabo masu huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida su ma ba azurfa ba ne, ko da na 1936 ne masu sunan Edwad na Takwas, wanda bai cika shekara a sarauta ba. Waɗannan na 1936 ka saya don tarihinsu, da kuɗi kaɗan. Su ma sulallan suna da ɗan harafinsu a ƙasa, H ko KN, masana'antu biyu na Birmingham, in babu komai kuwa bugun Landan ne.

To, ina ake samu? A gida tukuna. Tambayi goggo, tambayi inna, tambayi duk wata tsohuwa da ke da adaka ko kwalla. Amma kayan gado ba a ɗauke su a ɓoye, a bari a raba, ka saya daga wanda suka faɗa hannunsa. Bayan gida sai maƙeran fari. A wurinsu azurfar garin nan take ƙarewa, domin tun da can liyari da dala ake narkarwa a yi mundaye da zobba da kayan adon Buzaye. Akwai wani dattijo maƙeri a unguwar Zango da na shekara ina zama a rumfarsa muna shan shayi kafin in taɓa yi masa maganar ciniki. Ran da na yi, sai ya ce, "Ɗana, ni nauyi nake saya, ba hoto ba. In za ka ba ni abin da zan samu da ɗan ƙari, me zai sa in wahalar da zuga-zugi?" Tun daga ranar in aka kawo masa tsaba yakan ajiye ta kwana biyu, ya aiko yaro ya kira ni. Fiye da rabin abin da na mallaka ta hannunsa ya biyo. Sai kuma masu baza tsofaffin kaya a ƙasa a Kasuwar Dole ranar Alhamis, da kasuwar Mirriya ranar Lahadi. Can sai an yi haƙuri, za ka tona kwano guda na tarkace kafin ka ga fara ɗaya.

Ba na saya daga hannun yaro, ba na saya daga wanda ya kasa faɗa mini inda ya samu. Abin da aka haƙo daga kufai ko tsohuwar maƙabarta kuwa ba na ko taɓawa. Ƙasar nan tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, kuma irin wannan gidan adana kayan tarihi ya kamata a kai shi.

Yanzu gwaji. Sikelin lantarki na aljihu, wanda ke nuna har ɗigo biyu bayan giram, shi ne uban kayan aiki, kuma ba na fita kasuwa ba tare da shi ba. Tsabar da ta sha hannu takan rage kaɗan: dala mai giram 24.6 ba laifi. In ta sauka 22 ko 23 alhali zanenta garau yake kamar jiya aka buga, mayar masa da abinsa. In ta haura 25 sosai ita ma haka. Na biyu mayen ƙarfe mai ƙarfi, irin wanda ake cirowa daga tsohuwar lasifika. Azurfa ba ta kama shi. Amma rashin kamawa bai isa shaida ba, domin jan ƙarfe da darma su ma ba sa kamawa, shi ya sa nauyi da faɗi dole su tafi tare: ƙarfen da bai kai azurfa nauyi ba, in aka so ya cika giram 25 sai an ƙara masa kauri ko faɗi, ma'aunin milimita kuwa zai tona shi. Na uku kunne. Ɗora tsabar a kan yatsa, ka ɗan taɓa gefenta da wata tsabar a hankali. Azurfa tana kuka siriri mai tsawo, darma kuwa ɗif take yi. Kada ka bari a buga ta a kan siminti don a ji ƙara, kamar yadda masu sayarwa ke son yi, gefen ne ke lotsewa. Na huɗu gilashi. Ta jabu akasari zubi ce, za ka ga ƴan ƙuraje da ramuka a filinta, haruffa sun kumbura, wani lokaci da siririn layi a gefe inda bakin mazubi ya haɗu. Rubutun gefen dala, DIEU PROTEGE LA FRANCE, shi ne abin da ya fi gagarar masu jabu. Ga wata dabara kuma: riƙe tsabar Faransa hoton na tsaye, ka juya ta kamar shafin littafi, bayanta zai fito kai ƙasa. In ya fito a tsaye, akwai magana. Liyari da sulallan Ingilishi kuwa a tsaye suke fitowa.

Sau ɗaya aka cuce ni, kuma ranar na bar sikelina a shago. A tasha ne, wani matafiyi ya nuna mini liyari uku, ya ce guzurinsa ya ƙare. Sun yi baƙi yadda ya kamata, mayen ƙarfe bai kama su ba, ga mota na shirin tashi. Na biya. Da na dawo na ɗora su, kowacce giram 24. Na goga gefen ɗaya da ƴar zarto, sai ga ja. Har yau suna nan a aljihun tebur, ina nuna wa duk wanda ya zo koyo don ya ji bambancin kukansu da na ta gaskiya.

Farashi ba a bakin mai sayarwa yake ba. Kafin ka fita, duba a salularka nawa azurfa take a kasuwar duniya a ranar. Da oza ake faɗa, oza ɗaya giram 31.1 ce. In da Yuro ka gani, Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike. Raba ka sami kuɗin giram ɗaya, ka ninka da tsantsar azurfar da ke cikin tsabar: dala 22.5, liyari 23.4, sule na kafin 1920 wajen 5.2. A ce, don misali kawai, giram ya kama sefa 600, to dala jaka 13 da rabi ke nan. Wannan shi ne gindin ciniki. Tsabar da aka buga da yawa kuma ta side, kuɗinta bai wuce nan da ɗan ƙari ba. Abin da ke ɗaga ta sama biyu ne: ƙarancin shekarar da harafinta, da kyan jikinta, wato gashin kai da ganyen kambi da yatsun hannu duk suna fitowa. Akwai shafukan intanet na masu tara kuɗi da ke nuna adadin da aka buga kowace shekara, kuma ko Faransancinka kaɗan ne lambobi za ka karanta. Idan tsohuwa ce ta kawo maka abinta ba ta san darajarsa ba, faɗa mata gaskiyar nauyin da kuɗin ranar. Na ga masu sayen dala da kuɗin goro, kuma abin yana ƙona mini rai.

Malaminmu na unguwa ya ja kunnena a kan abu biyu, ni ma ina isar da su. Cinikin azurfa hannu da hannu ake yi, ba bashi, ba "kawo in biya ka ran Juma'a". In kuma azurfa za a musanya da azurfa, sai nauyi ya zo daidai, don haka in ina son tsabar wani yana son tawa, sai in sayar masa da kuɗi, in sayi tasa da kuɗi. Na biyu zakka. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wanda ake ƙiyastawa giram 595. Dalar azurfa guda 27 kawai sun kai ka can. In shekara ta zagayo a kansu, ɗaya cikin arba'in ake fitarwa. Littafin da za ka riƙa rubuta nauyi a ciki shi zai sauƙaƙa maka wannan lissafi.

Maganar wanki kuwa, roƙo nake yi: kada a wanke. Cikin tsabar kakata akwai dala mai mutum uku ta 1875 mai harafin K, wadda ta fi sauran kyau. A makon farko na zauna da toka da lemun tsami na dirje ta har ta yi fari fat, ina murna. Da na sa gilashi sai na ga na cika fuskarta da ƙananan zane kamar an ja ta a kan yashi, kuma wannan ba ya gyaruwa har abada. Baƙin nan da ke jikin tsohuwar azurfa shi ne rigarta, masu saye na ƙwarai shi suke nema, tsabar da aka goge kuwa kuɗinta faɗuwa yake yi. In laka ce ko maiƙo, jiƙa ta a ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, ka ɗauraye, ka dangwala mata tsumma mai laushi har ta bushe, ban da gogawa. A gefe ake riƙe ta, domin zufar yatsa tana barin tabo.

Za ka tarar da masu huda da masu kunne da aka liƙa don a rataya a wuya ko a kitso. A kasuwar Turai an ce sun lalace, kuɗin nauyi kawai ake ba su. Ni ina sayensu a kan nauyin, kuma ba na cire kunnen. Tamma biyu da wata Bafulatana ta yi shekara talatin tana ɗaure da ita a gashinta ta fi gaya mini yadda kuɗin nan ya rayu a ƙasarmu fiye da wadda ta kwana a banki. Sai dai ka san abin da kake saya, kada a karɓi kuɗin lafiyayya a hannunka.

Ajiya ba ta da wuya. Kowace tsaba da ƴar ambulan ɗinta ta takarda, kada su gogi juna. Ban da leda mai laushi, domin a zafin bazararmu tana yin gumi ta bar kore mai danƙo a jikin ƙarfe. Ban da ɗaurin roba, yana baƙanta azurfa layi-layi. Akwatin ƙarfe mai rufi ya isa ya tare ƙurar hunturu, da damina kuma ina jefa ƴan ƙunshin nan masu shan raɓa da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Kada kuma ka yi ta shela a majalisa cewa kana da azurfa a ɗaki.

A bayan kowace ambulan ina sa lamba, a littafi kuma ina rubuta lambar, ƙasar, shekarar, harafin, nauyin, ranar da na saya, nawa na biya, da inda ta fito. Wannan na ƙarshe shi na fi ba muhimmanci, domin shekara da nauyi kowa zai iya sake dubawa, amma in mai labarin ya mutu shi ke nan. Lamba 31 a littafina fataka ce ta 1916 mai H, giram 11.1, daga wata tsohuwa a Birni wadda ta ce tana cikin sadakin mahaifiyarta, mijin kuwa da jakuna yake kai gyaɗa Kano. Ta yi mini wannan bayani tana zaune a kan tabarma tana tsinke zogale, na rubuta a gabanta, na karanta mata ta gyara mini sunan ƙauyen.

Cikin sulallan 1913 zuwa 1920, na 1918 ne kaɗai ya rage mini. Na gaya wa dattijon nan na Zango, ya ce in ya faɗo hannunsa ba zai kusanci wuta ba.